Ƙamusun karin maganar Turkanci na TDK: kyauta ne, amma sai ka iya warware kalma

Ɗaliban Birnin Kebbi, Argungu da Aliero masu neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya sun san cewa shekarar farko a can ta koyon harshe ce zalla. Da yawa kan fara tun daga gida da manhajar waya, su haddace gaisuwa da ƙirga. Karin magana ne manhajojin ba sa taɓukawa a kai, alhali Baturke bai cika yin doguwar hira ba tare da ya jefa ɗaya ba. Nan ne ƙamusun Hukumar Harshen Turkanci, wato TDK, wadda aka kafa a 1932, yake da amfani. Yana adireshin sozluk.gov.tr, ba kuɗi, ba rajista.

Kafin komai, a ƙara Turkanci cikin madannan waya. Haruffansu 29 ne tun sauyin rubutu na 1928, kuma akwai ç, ğ, ı, ö, ş da ü waɗanda ba mu da su. Wanda ya rubuta kul a madadin kül ya nemi "bawa" ke nan, ba "toka" ba. Akwai kuma tarkon da Bahaushe ke faɗawa: c ɗinmu na "ci" shi ne ç ɗinsu, nasu c ɗin kuwa j ake furta shi. Ƙamusun na da alamar sauraren furucin kalma, a riƙa danna ta.

Gwada da komşu, maƙwabci. Ƙarƙashin ma'anar kalmar za a jero karin maganar da suka fara da ita. A cikinsu akwai "Komşu komşunun külüne muhtaçtır": maƙwabci na bukatar ko da tokar maƙwabcinsa. Wannan ba ta neman dogon sharhi a wurin wanda ya taso inda ake aika yaro gidan maƙwabta ɗibar wuta. Akwai kuma "Komşuda pişer, bize de düşer", in an dafa a maƙwabta mu ma za mu samu. Ita kuwa "Ev alma, komşu al", kada ka sayi gida, sayi maƙwabci, ba za ka gan ta a nan ba sai ka koma kan ev, gida. Wannan rauni ne a tsarin jerin, don mai neman duk abin da aka faɗa kan maƙwabtaka sai ya shiga sashen karin magana ya sake lalubawa.

Wadda ta fi wahalar da mai koyo ita ce ta dogaro da kai: "Elden gelen öğün olmaz, o da vaktinde bulunmaz." Kalmar el na da ma'ana fiye da ɗaya, ciki har da hannu da kuma bare, wato wani mutum can. Injin fassara kan ɗauki hannu, sai jimlar ta fito ba kai ba gindi. TDK ya raba su gida-gida, kowace da lambarta, kuma ta biyun ake nufi a nan: abin da ke zuwa daga wajen wasu ba ya zama abincin da za ka dogara da shi, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Kusan dai namu na guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, sai dai nasu ya ƙara da ƙorafin jinkiri. Turkawa ba sa ganin saɓani tsakaninta da ta tokar. Ana aron ƙaramin abu a maƙwabta, ba a ɗora musu tukunyar gida.

Babban cikas shi ne ɗafe-ɗafe. Turkanci na jera ɗafi bayan saiwar kalma, ƙamusun kuma saiwa yake ganewa. Külüne sai ka yanke ta: kül toka, ü tasa, ne zuwa ga. Vaktinde ta fi rikici, don asalinta vakit ne, wasalin ƙarshe ya faɗi da aka ɗafa mata. Wanda ya yi Islamiyya yana da sa'a a nan: vakit daga waƙt na Larabci take, muhtaç kuma muhtaj ce, mabukaci.

Bayanin duka da Turkanci yake, babu Turanci balle Hausa, kuma yawanci layi ɗaya ne ko biyu. Ba ya faɗa maka wa ake yi wa karin maganar, ko a gaban dattijo za a iya furta ta. Wannan sai an tambayi mai harshen. Sannan sai da intanet yake buɗewa, ko da yake rubutu ne, ba ya cin data sosai.

Ga wanda bai wuce gaisuwa ba, ƙamusun zai gajiyar da shi a banza. Wanda ya riga ya gane ɗafin mallaka da na wuri, ya ɗauki karin magana biyu ko uku a mako, ya rubuta kowace a littafi, ya raba kalmominta saiwa daban ɗafi daban, ya duba saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ne zai karanta bayanin TDK. In ya fara da bayanin, zai haddace jimlar bai san inda kalma ta ƙare ba.