Ina za ka ajiye bidiyon da ke cikin katun ɗinka?

Wani ƙanena ya haɗa katun na minti uku kan yadda ake adana albasa a rumbu, ya ɗauko bidiyon wani manomi daga wajen Goronyo ya cusa a tsakiya. A kwamfutarsa abin gwanin sha'awa. Da ya ɗora a shafi ya turo mini, sai da na sha ruwa na dawo bai buɗe ba, da ya buɗe kuma bakin manomin na gabas, muryarsa na yamma. "Yaya, manhajar ce ba ta da kyau?" Na ce masa manhaja lafiyarta ƙalau, hanyar shigar da bidiyon ce bai zaɓa daidai ba.

Kafin komai, in darasin da kake bi yana maganar Flash, tsohuwar fasahar kunna katun a intanet, da fayilolinta na SWF ko FLV, rufe shi. Adobe ta daina tallafa wa Flash Player ranar 31 ga Disamba 2020, burauzoji kuma sun cire shi. Manhajar zanen Flash ɗin tana nan, tun 2016 sunanta Adobe Animate, amma aikin intanet da HTML5 Canvas ake fitar da shi yanzu.

Hanyar da ƙanena ya bi ita ce narkar da bidiyon cikin layin lokacin katun ɗin, ya zama firem-firem, wato jerin hotuna, kamar sauran zane. Tana da amfani in kana son bin motsin mutum kana zana a kai, ko guntun da bai kai daƙiƙa 10 ba, wanda ita kanta Adobe iyakar da take ba da shawara ke nan. Da ya wuce haka fayil ya kumbura. Saɓanin baki da murya kuwa yawanci daga saurin firem yake: waya ta ɗauka a kan 30 a daƙiƙa, katun yana tafiya a kan 24, dole su rabu a hanya.

Wadda na fi so ga yawancin ayyukanmu ita ce a bar bidiyon a waje, fayil ɗin MP4 mai zaman kansa a sabar da shafinka yake, wato kwamfutar da ke ajiye shi a intanet, katun ɗin ya kira shi da adireshi kawai. Mai kallo zai fara gani tun kafin ya gama sauka, kai kuma in ka sake gyara bidiyon sai ka musanya fayil ba tare da taɓa zanen ba. A matse hoton da tsarin H.264, sauti da tsarin AAC, don kusan babu wayar da ba ta karanta su. Manhajar matse bidiyo ta HandBrake kyauta ce, kuma akwai wani ɗan akwati a cikinta na daidaita bidiyo don intanet. Ka danna shi, shi ke kawo bayanan fayil gaba don kada mai kallo ya jira saukar duka.

A nan ne lissafi ya zama dole, domin datar mai kallo kake kashewa. Bidiyo mai ingancin 720p a kan megabit 2.5 a daƙiƙa yana cin wajen megabait 19 a minti. Sauke shi zuwa 480p a kan megabit 1, ya koma 7.5. A allon waya, tsakani da Allah, bambancin bai kai a tayar da jijiyar wuya ba, amma ga wanda ya sayi datar kwana ɗaya a Illela ko Wurno bambanci ne babba. Kai ma da naka kason: mutum 1,000 su kalli fayil mai megabait 20, gigabait 20 ke nan sun fita daga sabarka. Don haka kafin ka biya kuɗin masaukin shafi, tambayi mai sayarwa iyakar abin da zai iya fita a wata, kuma ko sharuɗɗansu sun yarda da ajiye bidiyo. Kalmar "ba iyaka" a talla sau da yawa tana da wutsiya a cikin ƙananan rubutu.

Aibin wannan hanya shi ne inganci ɗaya ne ga kowa. Mai 4G a tsakiyar Sakkwato da wanda sabis ke masa wasan ɓuya a ƙauye fayil ɗaya suke ja.

YouTube ke warware wannan, kuma a kyauta. Yana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa a matakai daban-daban har ƙasa zuwa 144p, ya riƙa sauyawa gwargwadon ƙarfin sabis. Ga dogon darasi, minti 10 ko sama, ban ga abin da ya fi shi ba. Sai dai gidan wani ne. Zai iya sa talla ko ba ka nema ba, yana nuna wasu bidiyoyi a ƙarshe, kuma haɗa shi da maɓallan katun ɗinka sai da ɗan rubutun JavaScript. In aikin makarantar Islamiyya ne ko na yara, ka yi tunanin tallar da za ta iya faɗowa.

Shafukan ajiye bidiyo irin su Vimeo, Cloudflare Stream da Bunny Stream suna ba da irin wannan sauyin inganci babu talla, amma yawanci da dala ake biya. Ƙungiya mai kasafi ko mai sayar da darussa ne za su ci ribarsu. Ɗalibi ya haƙura tukuna.

Akwai kuma tambayar da na yi wa ƙanena a ƙarshe: akwai abin da mai kallo zai danna a katun ɗin nan? Ya ce babu. To ashe duk wahalar ba ta zama dole ba. Ya fitar da katun da bidiyo a haɗe cikin MP4 guda, abin da ko manhajar Blender, wadda ba a biyan ko sisi, za ta yi. Ya ɗora ɗaya a YouTube, ya matse ƙarami na WhatsApp, inda manoman suke.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka dogara da bidiyo ya tashi da kansa da sauti, Chrome da Safari kan hana. Sa hoton farko da babban maɓallin kunnawa, sannan ka ari wayar Android mafi arha a gidanku, ka kashe Wi-Fi, ka gwada da datar layi.