Shekara Biyu Ina Shimfiɗa Layin Dogo a Trainz: Hanya Uku, Hannu Biyu

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni da na sayi Trainz Railroad Simulator 2022 a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, kuma tun daga lokacin da wuya mako ya wuce ban buɗe shi ba. Abokan aikina a nan Jidda sun ɗauka tuƙin jirgin ƙasa nake yi a kwamfuta. Tuƙin yana ciki, amma ba shi ya riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ɓangaren da ake kira Surveyor, inda ake miƙa maka fili fetal, ka tayar da tudu, ka haƙa kwari, ka shimfiɗa kwangiri, ka gina tasha, sannan ka hau jirgi ka bi ta cikin abin da hannunka ya yi.

Ni haifaffen Kasala ne, a gabashin Sudan. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar aikin Hajji, hanya ta yi tsawo, suka zauna. Kawuna, wanda yanzu yake tare da mu a Jidda saboda ciwon ido da tsufa, ya yi aikin reluwe a ƙuruciyarsa. Yana cikin waɗanda ake kira ma'aikatan darisa, masu bin layi a kan 'yar kura suna ɗaure ƙusa, suna kwashe rairayin da iska ta tara a kan dogo. Ni ban taɓa hawa jirgin fasinja daga Kasala ba, ya daɗe da daina zuwa. Abin da na sani na tashar nan daga bakin Kawu ne, sai kuma gine-ginen da muke wucewa muna yara. Dalilin da ya sa na nemi wannan manhaja ke nan tun farko.

Bari in fara da abin da ya burge ni, don hakkinsa ne. Wani kamfanin Ostareliya ne ya fara fitar da Trainz a 2001, yanzu kuma N3V Games ke riƙe da shi, kuma kana gani ka san mutanen da suka daɗe suna sauraron masu gini ne suka tsara shi. Ƙasar da kake gini a kanta guntu-guntu take, kowane guntu mita 720 a tsaye, 720 a kwance. Ni tabarma nake ce musu, domin haka ake yi da su: in wannan ta cika, ka shimfiɗa wata a gefenta. Shi kuwa layin dogo kamar igiya ake jan sa. Ka danna nan, ka danna can, ya lanƙwasa da kansa, in ka jawo wani daga tsakiyarsa mararraba ta fito da makarkatarta. A daren farko, kafin in yi barci, ina da layi mai kilomita biyu da kan jirgi yana tafiya a kai. Ban taɓa karanta komai a kan zane ko gini ba, aikina gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki.

Wannan sauƙin fara aiki shi ne alherin manhajar, kuma daga nan wahalata ta taso. Cikin wata shida na buɗe hanya uku.

Ta farko ita ce ta gida, daga Hayya zuwa Kasala. An shimfiɗa wannan layi a 1924, musamman don kwasar audugar da ake nomawa a fadamar kogin Gash zuwa bakin teku, daga baya aka zarce da shi Gadarif har ya haɗe da Sinnar a 1929. Na yi niyyar gina shi dukansa, ta Durdeb da Aroma. Sai da na zauna da alƙalami na ga cewa tsawonsa ya haura kilomita 300, wato tabarma sama da 400 a jere, ko da ɗaya tak zan sa a faɗi. Ban ja da baya ba a lokacin, na ce sannu ba ta hana zuwa.

Ta biyu ta zo ne bayan wata tafiya Madina a jirgin Haramain. Duk wanda ya hau shi ya san abin da nake nufi: kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, gudu har kilomita 300 a awa, shayinka ko motsi ba ya yi a kofi. Tun 2018 yake aiki. Da na dawo gida a daren nan na buɗe sabuwar hanya daga tashar Sulaimaniyya ta Jidda. Ta uku kuma a wannan tafiyar dai aka haife ta, domin na leƙa tsohuwar tashar Anbariyya, inda jirgin Hijaz daga Dimashƙa ya fara isowa a 1908, na tsaya gaban ginin nan na baƙin dutse na ji ba zan iya barin sa ba.

Na yi kusan shekara ina zagaye tsakaninsu. Litinin ina dasa turakun wayar lantarki a bayan Jidda, Laraba ina neman hoton ƙofar Anbariyya, Juma'a bayan la'asar ina Kasala. Kowace na koma sai na ɓata rabin awa ina tuna inda na tsaya, da wane launin ƙasa na yi amfani, wane irin kwangiri na zaɓa cikin goma masu kama da juna. Lokacin kuma ba yawa gare shi ba. Da zafi ya shigo, daga Mayu zuwa Satumba, wayata ba ta hutawa, in na dawo gida ƙarfe goma na dare ko buɗe kwamfutar ba na iyawa. Wata rana Kawu, da yake zaune a bayana yana jan carbi, ya tambaye ni wace ce wannan kuma. Na ce ta Madina ce. Ya ce, "Ɗan nan, taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka zuba uku." Bai ƙara ba.

Abin da ya raba mini gardama lissafi ne ƙarami. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana ƙetare tabarma ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa tara. Tabarmar da na kwana biyu ina jera mata turaku da shinge da gada, kafin in ɗaga ido ta wuce. Jirgin kaya kuwa da ke jan jiki a kilomita 30 a awa yana kusan minti ɗaya da rabi a kanta, kana ganin kowace bishiya, kowane akuya, kowace katanga. Hanyar Haramain ta fi ƙarfin mutum ɗaya mai aikin yini, kuma ko an gama ta, yawancin wahalar ba za a gan ta ba. Na rufe ta, ban goge ba. Daga nan na koma Kasala na yanke: tasha, da kilomita biyar a kowane gefe. Sauran na bar wa Allah.

A wannan ɗan yanki na ga iyakar abin da manhajar ke iya ba ka da abin da sai kai ka nemo.

Akwai rumbun kaya da ake kira Download Station, cike da dubun dubatan abubuwa da masu sha'awa suka ƙera suka ɗora: taragu, gadoji, gidaje, itatuwa. Ta wani sashe na wasan mai suna Content Manager kake sauko da su, kowane abu da lambarsa da ake kira KUID. Na yi sa'a a kan faɗin layi. Layin Sudan milimita 1067 ne, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano, kuma daidai da na jihar Kwinsland a Ostareliya, da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, don haka na sami kwangiri da taragu masu wannan faɗi ba tare da wahala ba. Har Anbariyya ma da shi na yi mata, ko da yake layin Hijaz milimita 1050 ne. Bambancin milimita 17 ba idon da zai kama shi.

Gidaje kuwa wani labari ne. Masu ƙera kayan nan yawancinsu mutanen Turai ne da Amurka da Ostareliya, kowa kuma garinsu yake ƙerawa. Za ka sami cocin ƙauyen Ingila kala-kala, amma ba za ka sami gidan ƙasa mai zaure ba, balle ɗakunan nan masu da'ira da rufi mai tsini da reluwen Sudan ta gina wa ma'aikatanta a gefen tashoshi, waɗanda muke kira gudiyya. Tashar Sudan ba tare da su ba, ba tashar Sudan ba ce. A irinsu Kawu ya kwana shekaru. Dole ta sa na sauko da Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, wadda kyauta ce, na fara koyon ƙira daga tushe. Wata biyu na yi kafin in fitar da gudiyya ɗaya da ta shiga wasan ba ta kife ba, ba ta fito fara fat babu launi ba. A lura, wannan aiki ne na huɗu da ya shigo ta bayan gida, kuma duk mai son gina hanya a ƙasashenmu ya sa shi cikin lissafinsa tun farko. Amma ranar da na jera shida a bayan tasha, na shafa musu farar ƙasa da ɗan dattin ruwan sama a gindi, na daɗe ina kallon su ban taɓa komai ba.

Sai duwatsun Taka. Wanda ya san Kasala ya san su ne garin: manyan duwatsu sulɓaɓɓu da suka taso tsaye daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da Totil a gindinsu inda amare da angwaye ke zuwa shan ruwan rijiya da kofin jabana. Don samo tsayin ƙasa na gaskiya na sayi wata manhaja daban, TransDEM, wadda ke ɗauko bayanan da kumbon Amurka ya auna a shekarar 2000 ta mayar da su tabarmin Trainz. Ma'aunin nan kusan kowace mita 30 yake ɗaukar tsayi ɗaya. A fili ya wadatar. A kan Taka kuwa sai duwatsun suka fito kamar tulin yashi, duk kaifinsu da santsinsu sun tafi. Da hannu na gyara su, ina ɗaga ƙasa kaɗan-kaɗan, ina duba hotunan da ƙanwata ta turo ta WhatsApp daga rufin gidanmu. Hoton tasha kam ban bari kowa ya je ɗauka ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin ya cika da waɗanda suka gudo, kuma ba lokacin da za a ga mutum yana ɗaga waya a gaban ginin gwamnati ba ne. Da Google Earth da ƙwaƙwalwar Kawu na yi aikin.

Abu biyu zan gaya wa mai shirin farawa. Wasan ya raba hanya da zaman tuƙi: hanya ita ce ƙasa da layi da gine-gine, zaman tuƙi kuma jirage ne da dokokin tafiyarsu. Kafin ka dasa komai, duba a wane ɓangare kake, domin abin da ka ajiye a zama ɗaya ba zai bayyana a wani ba. Na biyu, ka riƙa fitar da hanyarka a fayil ɗin CDP kana ajiyewa a waje. Kwamfutata ta hannu ce, wasan kuma yana sa ta zafi sosai, har wata rana a tsakiyar Agusta ta mutu. Na kai ta wani shagon gyara, aka gyara, amma aka share duk abin da ke ciki ba a tambaye ni ba. Aikin mako uku ya tafi, har da gadar Gash da na sha wuya a kanta. Abin da ya tsira shi ne wanda na tura wa kaina a imel tun watan Yuli. Har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Shin zan ce a saya? Ga wanda tuƙi kawai yake so, akwai wasu wasannin da zai duba ya kwatanta. Ga wanda yake da wani wuri a zuciyarsa da yake son ya sake gani, ban yi nadamar ko riyal ɗaya ba. Sai dai ya tanadi kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau, ya kuma san cewa Turanci ne zai yi ta karantawa.

A daren Juma'ar da ta wuce na haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo, na matso wa Kawu kujera kusa saboda idonsa. Na taso da jirgin kaya daga arewa, a hankali, na mayar da lokaci zuwa hantsi. Duwatsun suka fito ta hagu. Na ce, "Kawu, ga mahaɗɗarku," wato tasharsu. Ya yi shiru har jirgin ya tsaya. Sannan ya miƙa sandarsa ya nuna gudiyya ta uku, ya ce a irin wannan wani abokinsa ya yi jinyar zazzaɓi damina guda, su ke kai masa kunu. Ya ce in koma baya kaɗan. Na koma. Ya ce tankin ruwa ba nan yake ba, yana can ɗaya gefen layin, kusa da inda ake ajiye kurar darisa, kuma akwai bishiyar dalbejiya biyu a gabansa, ba ɗaya ba. Na ɗauko takarda na rubuta. Kurar darisa ma babu ita a rumbun, sai na ƙera, kuma ya yi alkawarin zai zana mini yadda ƙafafunta suke washegari bayan sallar asuba.