Sari, ɗai-ɗai ko kashi-kashi? Yadda ya kamata a sayar da tarin 'yan mutanen Lego a Damagaram

Da yayana ya tattaro ya dawo gida daga Faransa, cikin kayansa akwai bokitan roba biyu masu murfi, cike maƙil da 'yan mutanen Lego ɗin nan da yaransa suka tara tun suna ƙanana. Yara sun girma, babu mai ko kallonsu. Bokitan suka shekara biyu a ɗakin ajiya a gidanmu na Birni, sai ran nan ya ce mini, "Kai da ka san kan waya, raba ni da tarkacen nan, ko nawa aka taya ka sallama." Na ce, "Yaya, bari dai in ƙirga tukuna." Na juye su a tabarma na samu 640 da 'yan kai, ban da huluna da takubba da kawunan da suka tsinke suka kwanta a gindin bokiti.

Wata bakwai na yi kafin in rabu da su, kuma babu hanyar da ban taɓa ba. Don haka wanda yake da irin wannan tari, ko na gado ne ko wanda ya tsinta a hankali cikin dilar bosho, ga abin da na gani.

Lego kamfanin kayan wasan yara ne na ƙasar Denmak, a garin Billund, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a 1932. 'Yan mutanen nan kuwa a 1978 suka fara fitowa. Tsawon kowane kamar santimita 4 ne, kuma kai da gangar jiki da ƙafafu da hula duk ana cire su a mayar. Riƙe wannan a ranka, domin duk wata cuta da ake yi a cinikin nan daga cire-ciren nan take farawa.

Sayarwa a kan sikeli ba ma abin tsayawa ba ne. Guda ɗaya bai kai giram 5 ba, kilo ɗaya ya haura mutum 200, kuma wanda ya zo maka da sikeli ya san lissafin da ya yi tun daga gida.

Sari yana da daɗinsa guda: kuɗi a dunƙule, yau-yau. In tafiya ce ta taso maka ko asibiti, ba zan hana ka ba. Amma ka san kasuwar da kake ciki. Na kai samfuri wurin wani mai kayan wasan yara a kasuwar Dole ranar Alhamis, ya jujjuya su ya taya dala 20 kowane, wato sefa 100, gaba ɗaya jikka 64 ke nan. Na ce albarka. Ba cutata ya yi niyya ba. Yaron da zai saya a wurinsa ranar Sallah bai damu da wane kamfani ya yi ba, kuma a gefensa ga na Cana sababbi fil cikin leda. Da farashinsu ya auna nawa.

Wanda ya cuce ni daban ne, kuma da sunan sari ya zo. Wani saurayi ne mai ladabi, ya ga hoton da na sa a wani zauren WhatsApp, ya ce yana gari ya zo daga Yamai. Muka daidaita a kan dala 100 kowane, zai kwashe duka. Da ya iso sai ya ce, "Baba, yau kuɗin 40 ne a hannuna, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu." Ya zauna a tabarma fiye da awa guda, waya a hannun hagu, yana ɗaga ɗaya-ɗaya yana duba baya, yana cire kai yana leƙa wuya. Ni kuwa ina zuba masa shayi, ina jin daɗi na samu mai saye na kirki. Ya ware 40, ya ba ni jikka 20, muka yi sallama. Makon nan nasa har yau bai zo ba. Daga baya, da na koyi duba farashi, na koma hotunan da na ɗauka tun farko na ga cikin waɗanda ya ɗauka akwai wanda ake sayarwa sama da yuro 30. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka ga ɗan mutum ɗaya tak ya kusan mayar masa da duk abin da ya biya. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Tun daga nan na kafa doka: sari duka ne ko babu. Wanda zai tsinta, ya biya kuɗin tsinta.

Sayar da duka ɗai-ɗai kuwa, mai son ya tsufa a kan waya ya gwada. Hoto 600, ciniki 600, kuɗin kabu-kabu ya cinye ribar ƙanana, a ƙarshe kuma rabi ya zame maka kwantai.

Hanyar da nake so, wadda da ita na fara da saurayin nan bai same ni ba, ita ce ta mai tumatir: ka tsince manyan da kanka, sauran ka kasa su kashi-kashi. Aikin farko shi ne tsintar, kuma ita ce take cin lokaci. Akwai wani shafin intanet na cinikin kayan Lego, BrickLink, da aka buɗe a shekarar 2000, kamfanin Lego da kansa ya saye shi a 2019. Kowane ɗan mutum yana da lambarsa a can: na fim ɗin Star Wars suna farawa da sw, na jarumai irin su Batman sh, na birni cty, na Ninjago njo, waɗanda ake sayarwa ɗaya-ɗaya a rufe kuma col. In ba ka san sunan wanda ke hannunka ba, ɗauki hotonsa da Google Lens, manhajar da ke gane abu daga hoto, yawanci yana kai ka. Da ka same shi, kada ka ruɗu da farashin da masu kaya suka rubuta, kowa yana iya rubuta abin da ransa ya so. Shafin yana nuna abin da aka saya da gaske a wata shida da suka wuce, sabo daban, wanda aka yi wasa da shi daban. Layin tsoho za ka duba, don naka tsoho ne komai ƙyallinsa.

Ga wata dabara da ta rage mini aiki. Fuskar asali ruwan ɗorawa ce. Tun wajen 2004 waɗanda aka yi su daga finafinai suke fitowa da launin fatar mutum, kuma a cikinsu ne masu tsada suka fi yawa, sai ka fara da su. Amma kada ka watsar da masu ruwan ɗorawa ba ka duba ba, domin na Star Wars na farko, da suka fara fitowa a 1999, fuskarsu ruwan ɗorawa ce, wasunsu kuma sun fi na baya daraja. Hula, mayafi da makami su ma kuɗi ne. Wani lokaci kwalkwalin ya fi mai shi tsada, shi ya sa nake cewa kada a zubar da ƙurar gindin bokiti sai an tankaɗe ta.

Faifai uku na ajiye. Na farko ya ɗauki kamar 50, su ne na sayar ɗai-ɗai, kowane da ledarsa da lambarsa, kuma kusan duka Yamai da Kano suka tafi. Na biyu shi ne mafi yawa, shi na kasa biyar-biyar da goma-goma, kowane kashi dangi guda: 'yan sanda da ɓarayinsu, 'yan kwana-kwana, mayaƙa masu sulke, 'yan fashin teku. A kowane kashi nakan sa guda ɗaya mai ɗaukar ido, kamar yadda mai tumatir ke ɗora babba a sama, shi yake jan sauran huɗun. Wannan faifan a nan cikin gari ya ƙare, kuma goman ƙarshe na azumi ta cinye fiye da rabinsa. Masu sayensa malaman jami'ar André Salifou ne, da ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, da matan da ke neman abin da zai raba yaro da waya. Uba ba ya son cinikin ɗan mutum ɗaya, so yake ya miƙa jikka biyu ko uku ya koma gida da abin da zai ishi yara uku ba faɗa. Akwai kuma gidajen da ba sa son surar mutum ko da ta wasa ce, in an ce maka haka ka yi godiya ka wuce. Faifai na uku na guragu ne, marasa hannu, masu fashe, masu goggen fuska. Su na mayar wa mutumin kasuwar Dole, a farashinsa, kuma kowa ya ji daɗi.

Sayarwa Turai kai tsaye ban ba da shawara ba sai in abin ya kai ya kawo kuma kana da ɗan'uwa mai tafiya, kuɗin aikawa da wahalar karɓar kuɗi sun isa su cinye ribar.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan, jabu. Ko a bokitan Yaya, da aka saya a kantunan Faransa, sai da na ware kusan 70 da ba na Lego ba, yara sun yi ta musanya a makaranta ba su sani ba. In ka bar jabu ɗaya ya shiga kashin da ka aika wa masani, ya gama da kai, zai ɗauka sauran ma haka suke. Na gaske yana ɗauke da sunan LEGO a wurare da yawa: cire kai ka duba saman wuya, cire ƙafafu ka duba tsakanin 'yan turakun nan biyu na ƙugu, ka leƙa cikin hula ko gashi. Rubutun ƙanƙane ne ƙwarai, fitilar waya da madubin ƙara girma za su taimaka. Sannan ka saurari hannunka. Na gaske in ka lanƙwasa ƙafarsa tana tsayawa inda ka bar ta, kan yana shiga da ɗan ƙarfi ya zauna daram. Na jabu ko dai ya yi sako-sako ko ya ƙi shiga, gefensa da kaushin roba, zanen fuskarsa ya ɗan karkace ko ya yi dishi-dishi, wani ma har warin roba yake.

Kuma kada ka duba wuri ɗaya ka ce ka gama. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne haɗin gambiza: gangar jiki ta gaske, kai na jabu, ko kwalkwalin jabu a kan mutumin gaske, tunda kwalkwalin ne mai kuɗin. Masu kwaikwayon nan ba ƙananan mutane ba ne. A 2019 'yan sandan Cana sun kai samame masana'antar Lepin, wadda ta yi suna wajen kwafar kayan Lego, amma rufe ɗaya bai hana saura ba. Duk abin da ya yi tsada an kwafe shi. Wani ɗan mutum mai suna Mr. Gold, mai launin zinariya, guda 5,000 kacal aka yi a duniya a 2013. In wani ya nuna maka uku a tire ɗaya ya ce ka ƙara a kayanka, ka san amsar.

Mai sayarwa ma ana yi masa jabu, ta hanyar mayar da kaya. Mutum ya karɓa ya ce zai nuna wa yaro, gobe ya dawo da shi ya ce bai yi ba, ka karɓa ka jefa a faifai, alhali an cire kan gaske an sa wani. An yi mini sau ɗaya, sai bayan kwana goma na gane. Yanzu kowane mai tsada sai na ɗauki hotonsa a warwatse, gaɓa-gaɓa, rubutun yana fitowa, kuma in aka dawo da shi a gaban mai shi nake kwance shi. Mai jin kunyar yin haka ya shirya yin asara.

Sai jabun biya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, yaro mai waya yana iya ƙera shi cikin minti biyar. Ko ta Nita ko Amana ko Al Izza aka ce an turo, sai ka ga kuɗin a asusunka ko ka karɓe su a hannu kafin kwali ya bar gida. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, in kaya ya hau mota ya tafi ba ka da ƙafar bin sa. Nakan ɗauki bidiyo ina zuba su a kwali har in liƙe, in tura wa mai saye tare da hoton takardar tasha. Mai saye daga Kano kuwa ku yanke farashi da sefa, shi ya ji da canji, don naira tana iya motsawa tsakanin ciniki da biya. Wanda ya ce a ajiye masa, ya ba da kafin alƙalami da ranar da zai cika. Bashi babu, ko ɗan ɗakinku ne.

Zafin garin nan ma yana rage farashi ba ka sani ba. Rana tana mayar da farare ruwan ƙwai, masu ruwan ƙasa kuma sun fi saurin tsagewa, musamman a gefen jiki ƙarƙashin hannu, don haka kada ka yi ta cire hannuwa kana mayarwa. Kamfanin da kansa ya ce ruwan wanki kada ya wuce digiri 40, ka ga ruwan da ya yini a jarka a tsakar gida cikin watan Afrilu bai dace ba. Ruwan randa, ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. Mai fashe kuma ka faɗa tun kafin a tambaye ka, ka nuna fashin a hoto.

Da na kai wa Yaya lissafi, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ashe tarkacen nan kuɗi ne?" Ban ɓoye masa labarin saurayin Yamai ba, ya yi dariya har da tari. Abin da ya rage yanzu guda 23 ne da ko mutumin kasuwa ya ƙi, kuma jikan Yaya ya gano inda bokitin yake. Jiya na mayar da shi saman kwaba, don yaron bai cika shekara 3 ba, kan ɗan mutum ɗaya kuwa ya isa ya shaƙe shi.