Motar alfarma da doguwar tafiya: wacce za ta kai ka ta dawo da kai?

Daga Daura nake tashi. Wani lokaci Kano ta Kazaure, wani lokaci in ƙetare Kwangwalam in bi ta Matamai har Damagaram wurin 'yan'uwa. Wanda ya saba da waɗannan hanyoyi ya san sheƙin fenti da laushin kujera ba su ne mota ba. A gargada ake sanin ta, da ƙurar hunturu, da zafin bazara sa'ad da kwalta ke tururi.

Ni dai Land Cruiser V8 nake so, samfurin 200 da Toyota ta ƙera daga 2007 zuwa 2021. Gangar jikinta a kan shasi mai ƙarfi take zaune kamar ta babbar mota, shi ya sa ramuka ba sa gigita ta. Ƙafa huɗu ke ja a koyaushe, kuma tana da ƙaramar giya ta fita daga yashi. Injinta silinda takwas ne, ba ya wahala. Ka yi awa biyar esi na aiki, allurar zafi ba ta gusa ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne gyara. Bakaniken Damagaram ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma in aka rasa a Katsina, waya ɗaya za ka yi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, su iso kafin magariba. Aibinta shan mai, wannan ba ƙarya. Cika tanki a gidan mai kafin ka bar gari, kada ka dogara da 'yan bumburutu a hanya.

Lexus LX 570 'yar'uwarta ce ciki ɗaya, ta fi ta daɗin zama, sai dai shokozobarta ta mai ce da ke ɗaga motar ta sauke, ranar da ta lalace aljihu zai ji a jikinsa. Prado ga mai matsakaicin ƙarfi ba laifi. Range Rover a kan jakunkunan iska take tafiya, a bar ta a Abuja. G-Wagon ta zuwa ɗaurin aure ce.

Amma duk wannan zaɓe banza ne in dillali ya cuce ka, kuma ni an yi mini. Na sayi wata jif tana ƙyalli, cikinta sai ƙamshin turare, dillalin na ta rantsuwa yana ce mini, “Alhaji, wannan ko kwalta ba ta taka sosai ba.” Wata biyu, muna tsakar daji da iyali, fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, motar ta mutu. Da mai wayarin ya ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo da wayoyi duk sun yi kore. Ashe ambaliya ce ta cinye ta a Amurka, aka wanke aka turo mana. Turaren nan warin ruma yake rufewa.

Don haka ɗaga kafet da hannunka. Leƙa ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Kada ka yarda da mita, juya ta ake yi. Dubi cinyewar robar birki da fatar sitiyari. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi: ta jikin gilashi, ta bakin ƙofa da ta takarda su zo ɗaya, sannan a bincika tarihinta a intanet.

Sai takardun kwastan. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin kan tudu, kuma mu da ke bakin boda jabun takardu sun fi yawo a wajenmu. Ɗauki takardar da ƙafarka ka kai ofishin kwastan a tantance, kafin ko kafin alƙalami ya bar hannunka.