Yini Guda a Tuddan Val d'Orcia: Sharhin Wanda Ba Ya Shan Giya

A watan Nuwamba na biya kuɗin rangadin yini guda daga birnin Siyena zuwa Val d'Orcia, a yankin Toskana na ƙasar Italiya, wanda aka tsara domin ɗanɗana abinci da giyar inabi. Tun kafin mu tashi na shaida wa jagoranmu cewa ni Musulmi ne, ba na shan giya kuma ba na cin naman alade.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne wata ƙaramar matatsar man zaitun, domin zuwanmu ya dace da kakar zaitun. A gabanmu aka wanke 'ya'yan da aka tsinko da safe, aka markaɗe su, sai ga man yana kwararowa kore shar. Mai gidan ya gasa burodinsu wanda ba a sa masa gishiri, ya goga masa tafarnuwa, ya kwarara man a kai, abin da suke kira fettunta. Sabon man yana da ɗan ɗaci, yana kuma yi wa mutum yaji a maƙogwaro, wanda a wurinsu alamar inganci ce. Ban taɓa sanin haka ɗanɗanon man zaitun yake ba.

A garin Piyenza, wanda Fafaroma Pius na Biyu ya sake ginawa a ƙarni na 15, an ba mu cukun madarar tumaki mai suna pecorino kala uku, daga sabo mai laushi har zuwa wanda ya yi watanni yana bushewa, kuma na ƙarshen ne ya fi kwanta mini da aka haɗa shi da zuma.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen cin abincin rana a garin Montalcino. Duk da bayanin da na yi tun da safe, saƙon bai isa ga masu girki ba, har aka ajiye mini farantin yankakken naman alade. Sai da na sake magana aka kawo mini miyar ribollita ta wake da kabeji da burodi, da taliyar pici wadda ake murzawa da hannu. Sa'a gudan da abokan tafiyata suka shafe suna kurɓar giyar inabin Brunello a ɗakin gangunan giya kuwa, ni a waje na yi ta, ina kallon gonakin inabi da ganyensu ya yi jawur a gangaren tudu. Ya kamata masu shirya rangadin su rage wa irina kuɗi, tunda kaso mai yawa na farashin na giyar ne.