Olajuwon da Jordan, waɗanda suka shiga NBA a shekara ɗaya

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙungiyar Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a farko. Michael Jordan ya zo na uku, Chicago ta same shi. Jordan ya ɗaga kofi shida, wannan babu ja.

Amma ni Olajuwon ne ya fi kwanta mini a rai. Gola ne a ƙwallon ƙafa yana yaro, shi ya sa ƙafarsa take kamar walƙiya: ya yi kamar zai juya hagu, mai tsaronsa ya yi tsalle, shi kuwa ya sulale dama ya jefa a raga. Sau 3,830 ya tare jifa, har yau ba a kamo shi ba. Kofinsa biyu, 1994 da 1995, kuma yakan buga wasa da azumin Ramadan a bakinsa.