Tahiyarmu Gashaka daga Sakkwato: wurin ya biya kuɗinsa, amma masu shiryawa da sauran gyara

Jama'a tun da na ɗora hotunan nan na bakin kogi mutane ke ta tambayata wai ina ne wanga wuri, wasu har rantsuwa suke ƙasar waje ce. To ba ƙasar waje ba ce, Taraba ce, gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma wasu samari ne a nan cikin garin Sakkwato masu shirya tahiye-tahiyen yawon buɗe ido sunka kai mu a watan Janairu. Ba zan kama sunansu ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma gyara nake so su yi, ba kasuwarsu nake son kashewa ba.

Mu goma sha ɗaya munka tahi a bas ɗaya, ni da ƙanena da wani kawunmu da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, sauran kuwa a mota munka san juna. An ce mana bayan asuba za a tashi amma sai wajen takwas da rabi munka bar gari saboda sai da safen anka tahi neman mai, abin da ya kamata a yi tun daren jiya, kuma duk wanda ya san hanyar Gusau ya san ba hanyar da ake so dare ya riski mutum a kai ba ce, wanga kuskure ya ɓata min rai ƙwarai. Allah dai ya tsare. Gombe munka kwana, washegari Numan, Jalingo, Bali, sai Serti da dare, nan ne hedikwatar gandun take a kan hanyar hawa Mambila. Kwana biyu cur a mota, kowa ya sa wannan a lissahinsa tun kafin ya biya.

Direban kam ban da abin cewa a kansa sai alheri, dattijo ne mai haƙuri, ba ya gudun banza, lokacin sallah ko ba a ce masa ba zai nemi wuri ya tsaya.

Daga Serti anka canza mana mota zuwa mai ƙarfi don bas ba ta iya hanyar ƙauyen Gashaka, anka haɗa mu da ma'aikatan gandun guda biyu, domin ba a shiga dajin sai da su. Gandun nan shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani sashe a Taraba wani sashe a Adamawa, a 1991 anka haɗe Gashaka da Gumti ya zama na gwamnatin tarayya. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan, can bakin iyakar Kamaru. Mu ba mu je can ba, wannan tahiyar kwanaki ce a ƙafa ta masu ƙarfin gwiwa. Namu shi ne bin kogi, Mayo Kam, mayo kuwa kogi ne da Fulatanci, kuma yawancin sunayen wuraren can haka suke.

Ni dai ɗan Sakkwato ne, abin da na sani da kogi shi ne Rima, ruwa ja yana tahiya a hankali cikin rairayi, fadama dama da hagu, albasa da shinkafa, ka tsaya kan gada ka hango har inda idonka ya gaji. Wanga kuwa kogi ne da ya tsaga tsakanin duwatsu, hanyar ƙafa siririya tana bin gefensa, wani wuri ka gangara har ƙafarka ta taɓa ruwa, wani wuri ka hau sama kana jin rugugin ruwan a ƙarƙashinka ba ka ganinsa don itatuwa sun rufe, kuma sanyin da ke cikin kwazazzabon daban ne da hunturunmu, babu ƙura ko kaɗan, leɓe ba ya tsagewa, iskar ma ɗanya ce. Ruwan garau. Na tsuguna yin alwala sai ga kifaye sun taru a inuwar hannuna, ina ganin tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, fara da baƙa da mai ruwan ƙasa, na daɗe a tsugune har sai da ƙanena ya ce Yaya an fa tada sallah. Kan wani falalen dutse munka yi azahar, Kawu ya ja mu, muryarsa na dawowa daga ɗaya gefen dutsen.

Babban ma'aikacin da ya ja gaba shi ne rabin daɗin tahiyar wallahi. Mutum ne mai ƙarancin magana, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci, in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya. Shi ya nuna mana sawun dorina a laka, faɗinsa kamar faranti da yatsu huɗu, ya ce da dare take fitowa kiwo ta koma ruwa kafin gari ya waye, don haka kar kowa ya tsaya tsakaninta da ruwa. Mun ga gwaggon biri garke guda suna tsallaka duwatsu, mun ga wani biri baƙi da fari mai doguwar jela can ƙololuwar itace. Cimfanzi ma akwai a dajin amma sai an nutsa ciki sosai, mu ko kukansu ba mu ji ba, kuma tun farko bai yi mana alkawarin ƙarya ba. A wani gurbi mai zurfi ya ce akwai tsage da giwan ruwa, Kawu ya yi dariya ya ce ai da mutanen Argungu sun zo nan da gora da koma da an ga aiki, shi kuma ya ce Baba ai shi ya sa kifin ya yi yawa, ba a barin kowa ya jefa koma a nan. Ruwan ga duk Kogin Taraba yake zubawa, daga nan ya faɗa Binuwai.

Yanzu ga ƙorafina na gaske. A tallar da samarin sunka yi, hoton mutane ne zaune kan tabarma bakin ruwa suna shan shayi, babu inda anka ce tahiyar ƙafa ce ta awa biyar zuwa shida a kan duwatsu masu santsi. Saboda haka mutum huɗu cikinmu da takalmi fade sunka zo, ɗaya ma da silifas. Dutsen da ruwa ke lasa gansakuka ce kore shar a kansa, kamar an shafa karkashi, Kawu ya taka ɗaya ƙafar ta tahi, ya zauna daɓas gwiwarsa ta bugu, madaurin takalmin ya tsinke. Ma'aikacin nan ne ya sare masa sanda, ya ciro igiya a jakarsa ya ɗaure takalmin ta ƙarƙashin tafin ƙafa ya zagayo ta dunduniya, a haka dattijon ya ƙarasa yana ɗingishi. Da na tambayi shugaban masu shiryawar maganin shafawa ko bandeji, sai ya ce ya manta akwatin a Serti. Na ce masa ƙanena, mutum mai shekara sittin da wani abu ka ɗauko daga Sakkwato, amana ce a hannunka. Ya ba da haƙuri kam, bai yi gardama ba, amma haƙuri ba ya ɗaure gwiwa. Ruwan sha ma gora bibbiyu anka raba, kafin la'asar ya ƙare. Ƙudan tsando kuma akwai shi a wasu wurare, cizonsa kamar allura, da an gaya mana da kowa ya sa riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ba ba shuɗiya ba, don su ne kalar da yake bi.

Abinci ba laifi, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, da dare taliya da kifin gwangwani, shayi kuwa ba a yi mana rowarsa ba. Wurin kwana sauro ne kawai, ka tahi da gidan sauronka. Sabis na waya ka manta da shi da zarar ka bar Serti, ka gaya wa mutanen gida tun da wuri kar hankalinsu ya tashi.

In maki ne, dajin da ma'aikatansa goma bisa goma, samarinmu shida. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya kusa cinye min albashin wata, amma zan sake komawa in Allah ya kai mu rani, tsakanin Disamba da Maris, don da damina kogunan cika suke hanya ta yanke. Wanda zai je ya shiga layin 'yan gwanjo a babbar kasuwa ya nemi kambas mai kaushin ƙasa, ya sa shi sati biyu kafin tahiya don ya saki, ya riƙe jarka ƙarama tasa ta kansa. Na tura wa shugaban nasu duk abubuwan ga a rubuce, ya ce tahiya ta gaba za su sa jerin kayan da ake bukata a jikin tallar. Kawu gwiwar ta sace, sai dai har yau a zaune yake sallah, kuma sandar nan ya taho da ita gida, tana jingine a zaurensa.